Rasuwar Kwabar Malama Sa'adiyya ta Unguwar Kabara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu shuɗin fenti bai gama fita daga faratansu ba, Malama Sa'adiyya ta gidan marigayi Malam Ɗalha, a unguwar Kabara cikin birnin Kano, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da dukkan abokan arziki rasuwar kwabarta ta katakon maɗaci, mai ƙofa biyu da durowa uku. Marigayiyar ta cika jiya Juma'a, daidai lokacin da mazan unguwa suke masallaci, tana da shekara talatin da tara a duniya. Ta cika a tsaye, yadda ta rayu, rufin ɗaki ɗungurungum a kanta. A ƙarƙashin rufin nan kuwa akwai mata biyu, ƙyaure ya ƙi buɗuwa, ɗayarsu kuma tsohuwa ce da ta shekara huɗu ƙafafunta ba su ɗauke ta ba.

Mutanen lungu suna ta cewa ruwan sama ne ajalinta. Malama Sa'adiyya ta gode da wannan sutura, Allah ya saka da alheri, amma ta ce a rubuta gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Ruwa dai ƙarasawa ya yi. Jinyar kwana huɗu ce, kuma likitar da ta yi mata aiki ita ce mai ita.

An haifi marigayiyar a shekarar da ƙasa ta sami 'yancin kai, a hannun Ilu kafinta, Allah ya jiƙansa. An yi ta ne domin 'Yardada, mahaifiyar Malam Ɗalha, a lokacin da cinikin fata ya yi wa maigidanta kyau a Kasuwar Kurmi. Wanda ya san lungun gidan ya san ba hanyar da kwaba za ta bi ba ce. Jaki ma in yana da mangala sai ya karkace yake wucewa, ga zaure biyu, ga ƙofar shigifar 'Yardada wadda dogon mutum sai ya sunkuya yake shiga. Don haka Ilu ya riƙa shigo da katako ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa, ya haɗa ta a cikin ɗakin, kwana tara yana bugu. Da ya gama, tsakanin kanta da azarar rufi taƙi ɗaya ne. Tun daga ranar ba ta taɓa ganin rana ba, ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba. A duk Kabara babu matar kullen da ta kai ta.

Ta zama mallakar Malama Sa'adiyya shekara ashirin da suka wuce, a wancan zuwan na farar hula. An kawo Sa'adiyya amarya daga Ƙofar Ɗan Agundi, 'yar malamin allo, da gadonta da tasoshinta da kwanukanta, amma babu kwabar da za a jera su. 'Yan ganin ɗaki suka fara zunɗe da taɓe baki. 'Yardada ta aiki wata tsohuwa ta faɗa a tsakar gida, yadda kowa zai ji, cewa kwabar da ke ɗakinta ta amarya ce. Aka kira ƙarti huɗu su fito da ita. Suka leƙa nan, suka auna can, gumi ya jiƙa su, a ƙarshe suka ce sai dai a fasa bango. Shi ke nan aka kwashi kwanukan amarya aka jera su a ɗakin uwar miji, Sa'adiyya ta zama mai kwaba a ɗakin da ba ta iya ɗaga ido a cikinsa.

Shekara ashirin, duk sa'ad da take son faranti, sai ta tuɓe takalmi, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta buɗe. Ƙofar dama ta ce ƙiiiƙ. Wannan ita ce muryar marigayiyar, kuma ba ta taɓa amfani da ita wajen gulma ba, sai wajen gaskiya. Da ita aka kama masu lasar sukari, da ita 'Yardada take gane an shigo bayan ido ya yi mata yana. In maƙwabta suna daka, kwanukan cikinta su amsa a hankali, kyar-kyar-kyar. Ban da wannan ba a taɓa jin bakinta ba. Ta riƙe takardar gida, da takardun Malama na kwalejin horon malamai, da turaren wuta, da kanwa, da hular Malam Ɗalha ta ƙarshe, ba ta taɓa cewa wani abu ya ɓata ba. Gara ta ci akwati, ta ci ƙyauren madafa, ta zo kan marigayiyar ta ɗanɗani ɗacin maɗaci ta canja hanya. Ta ga mulkin hula ta ga na kaki, ta sake ganin hula ta sake ganin kaki, ba ta yi wa kowa mubaya'a ba.

Amma babban aikinta a ɓoye ta yi shi, shekara goma sha ɗaya, kuma mai ita ba ta sani ba sai jiya. A daminar 1988, wadda ta kwantar da gidajen ƙasa da yawa a birni, babbar azarar da ta ratsa ɗakin ta tsage. Lokacin Malama tana Zariya wajen kwas. Malam Ɗalha ya hau kujera ya duba, ya samo wani guntun itace mai kauri, ya cusa shi tsakanin kan kwaba da azarar, ya buga har ya zauna daram. Ya ce wa mahaifiyarsa na ɗan lokaci ne, kaka na yi zai kira magini. Kaka ta yi, wata kakar ta yi, rufi bai motsa ba, magana ta kwanta. Malam kuwa mutum ne da bai iya ba mace labarin da zai hana ta sukuni ba, don haka bai gaya wa matarsa ba. Shekara biyu bayan haka zazzaɓin kwana uku ya tafi da shi. Tun daga nan kwaba ce ginshiƙin ɗakin.

'Yardada ta sani. Sai dai Ɗalha ɗan fari ne, ita kuma mutumiyar da ce. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, yana raye ko bayan ransa. In ya zama dole, "wancan" take cewa, ta kawar da kai. Sau biyu ko uku a shekara takan dubi bango, ba surukarta ba, ta ce, "Wancan ya ce a bar ta yadda take." Sa'adiyya ta ce, "To, Inna," idonta a ƙasa. Ta san wa ake nufi. Dalili ne ba ta sani ba, kuma ina suruka ta ga fuskar tambayar uwar miji dalili, balle a kan maganar ɗanta? Ita da ko ruwa ba ta taɓa sha a gabanta ba. Ta ɗauka ana nufin kada a fitar da kwabar, abin da ƙarti huɗu ma suka kasa. Duk unguwa ana yaba zaman nan nasu, ana cewa kunya irin ta gidan Malam Ɗalha ta yi wuya a zamanin nan.

Ciwon ajali ya faro ne daga abin farin ciki. Nana Hauwa, 'yar Malama tilo, ta zo gida goyon ciki, ta sauka lafiya ranar Lahadi, washegarin ranar da sojoji suka miƙa mulki, aka sami ɗa namiji. Suna Lahadi mai zuwa. Dangin mijinta, Salihu, mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ne, masu gidajen siminti da kujerun kushin, kuma dole su shiga gaida kakar mai jego a ɗakinta. Malama ta tsaya a bakin shigifar ta dube ta da idon baƙo. Bango ya yi baƙi da hayaƙin fitila, kwaba ta dushe, ga wani mummunan itace a kanta ya sha ƙura da saƙar gizo. Ta tuna zunɗen 'yan ganin ɗaki na shekara ashirin baya, zuciyarta ta yi zafi. Ita an yi mata ta haɗiye, amma ba za a yi wa 'yarta ba. Albashin malamar firamare ba ya kaiwa ga sabuwar kwabar fomeka, sai dai tana da hannu, duk lungu an san ta da mayar da tsohon zane rigar matashi, da mayar da kwalin sabulu wurin ajiye takalma. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ta ce a ranta ƙasa ma ta sake riga, balle kwaba.

An kwantar da marigayiyar ranar Litinin. Saboda warin fenti aka roƙi 'Yardada ta koma ɗakin Malama na 'yan kwanaki. Ba ta yarda a ɗauke ta ba, dama ba ta taɓa yarda ba. Ta ja jiki a zaune da hannuwanta, ta ratsa tsakar gidan da bai fi taku goma sha biyu ba, ta yi rabin sa'a tana hutawa a hanya. Mai karatu ya riƙe rabin sa'ar nan, za a neme ta nan gaba. Da ta kai bakin ƙofa ta faɗa wa bango maganarta ta kullum, Malama ta ce to, kuma har ga Allah ta yi niyyar cikawa. Ba za ta matsar da kwabar ba ko da faɗin yatsa.

Tana tasowa daga makaranta, ta dafa wa mai jego ruwan wanka, sai ta ɗaura zane ta shiga ɗakin tiyata. Ta kankare tsohon jikin da fasasshiyar kwalba, ta bi da samfefa. Ta haɗa ragowar shuɗin fentin da maƙwabciya ta ba ta da ɗan fari, ya ba da launin sararin sama, abin sha'awa. Bango ya sha farar ƙasa. Ta ɗiga wa ƙofar dama man keken ɗinki, ta buɗe ta rufe, ta ji shiru, ta yi murmushi.

Ranar Talata ta sayo madubi a Kurmi, irin wanda ake sawa a cikin kwabar zamani don kwano goma ya zama ashirin. Madubin ya ƙi shiga, saboda wani katako mai kauri da Ilu ya tsayar a tsakiya daga sama har ƙasa. Ta aro zarto. Maɗacin ya yi gardama, ya cinye mata yammaci guda da fatar tafin hannu, amma ba a san Malama da barin aiki rabi ba. Ta fitar da ƙashin bayan marigayiyar, ta jingine shi a madafa.

Laraba ta zo kan itacen. Ta kifa turmi ta hau, ta ja, ya ƙi. Ta girgiza, ko gezau. Da a ce ta tsaya nan ta tambayi kanta me zai sa itacen da aka ajiye kawai ya ƙi motsi haka, da yau ba a rubuta wannan takarda ba. Amma mai suna a gabanta ba ta da lokacin tambaya. Ta ɗauko taɓarya ta riƙa dukansa ta gefe, bugu ya fi arba'in, har ya yi tsalle ya faɗo. Ƙasa ta zubo mata a ka, kamar cikin tafi biyu. Ta dakata, ta ɗaga kai. Rufi yana nan inda yake. Ta karkaɗe ɗankwali, ta jefa itacen cikin itacen girki, ta ɗora a wurinsa gwangwanin madara da ta yi wa fenti, da furannin roba ja da rawaya a ciki.

A faɗi gaskiya, ranar Alhamis marigayiyar ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Da aka gama jere, kwanuka suna ƙyalli a cikin madubi, matan lungu suka shigo suka rantse sabuwa ce, suka rasa ta inda aka shigo da ita. Malama ta ji daɗi har cikin ranta, ba ta ɓoye ba. 'Yardada ta ja jiki ta dawo, ta hau gadonta da ke daidai ƙarƙashin azarar, ta miƙa hannu ta shafa gefen kwabar, ta ji santsi. Idonta ba ya kai wa sama. Ta ce, "An gode," ba ta ƙara ba.

Ranar Juma'a hadari ya haɗo tun hantsi daga gabas. Maza suka tafi masallaci da wuri don kada ya tare su, lungu ya zama babu namiji sai na goye. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Indararon shigifar ya toshe da leda da ganye, domin a makon nan hankalin gida duk yana ciki, ba wanda ya hau sama ya duba. Ruwa ya kwanta a kan rufin, ƙasa ta sha ta ƙoshi ta yi nauyi. Malama tana cikin ɗakin tana rataya labulen da ta ɗinka, ta tura ƙyaure ta rufe don kada feshi ya taɓa sabon fenti.

Sai kwaba ta ce ƙiiiƙ.

Malama ta juya. Ƙofofin a rufe suke, kuma ita da hannunta ta sa musu mai. Ta tsaya da labule a hannu tana saurare. Ba mai daka a cikin wannan ruwa, amma kwanuka suka fara kyar-kyar-kyar. Sannan daga sama wani abu ya ce ƙwas. Ta ɗaga kai ta ga gwangwanin madara ya lotse, furanni sun baje, azara ta sauko ta zauna a kan kwaba, tsagarta a buɗe, jan ruwa yana bin farin bango.

'Yardada ta ce, "Mene ne a sama?"

"Fure ne, Inna."

"Ina itacen?"

"Wane itace, Inna?"

Tsohuwa ta juyo da fuskarta, wannan karon ba wajen bango ba, wajen surukarta. Ta ce, "Itacen Ɗalha."

Sa'adiyya ba ta taɓa jin sunan nan a wannan bakin ba, ko ranar da aka fita da gawarsa. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta gane abin da ta cire ranar Laraba, ta gane abin da ta yanke ranar Talata.

Ta yi kan ƙyaure ta ja. Ya ƙi. Saman ƙofar ya riga ya sauko ya danne shi. Ta sa ƙafa a bango ta ja da hannu biyu, hannun ƙyauren ya fita ya bar ta da shi. Ita ma ba ta saba kiran 'yar farinta da suna ba, amma ta ƙwala shi sau uku kafin ya keta ƙarar ruwa. Nana Hauwa, kwana biyar da haihuwa, ta ajiye jariri ta fito ko mayafi babu. Ta tura daga waje, ya ƙi. Malama ta ce mata ta ɗauko taɓarya, taɓaryar nan dai da ta yi ɓarnar.

A ciki madubi ya ce ƙas, ya tsage daga sama har ƙasa. Gefunan kwabar suka fara bankarewa, tunda ba ƙashin bayan da zai riƙe su. Ƙasa ta fara zubowa a kan gado. Malama ta durƙusa a gaban gadon ta juya baya.

"Inna, ku hau."

"Ke dai fita in an buɗe. Zan taho."

"Inna, kafin ku kai ƙofa ɗakin ya zo ƙasa."

"Ban haife ki ba, 'yar nan. Ba za a ce matar ɗana ta goye ni ba."

Daga waje taɓarya ta sauka a ƙyaure, dum. Wani curin ƙasa ya faɗo tsakaninsu. Duk bugun da Nana za ta yi, yana sassauta ƙyaure yana kuma sassauta rufi, kuma duk su ukun sun san haka. Malama ta miƙe, ta dubi azara, ta dubi tsohuwa. Sai ta zauna a bakin gadon da ba ta taɓa zama a kansa ba a shekara ashirin, ta naɗe hannu.

Ta ce, "To ni ma ba inda za ni."

Kwaba ta sake cewa ƙiiiƙ, wannan karon da tsawo. Ƙofar hagu ta ɓalle ta faɗi, kwanuka suka zubo suna mirgina a ƙasa. 'Yardada ta matso bakin gado. Sannan ta ce, "Juyo bayan."

Da sabon labulen ta goya ta. Tsohuwar da ta cika gidan nan da kwarjini, ashe nauyinta bai kai na tulun ruwa ba. Malama ta tsaya a jikin ƙyaure da goyonta, tana ƙirga bugun 'yarta, ƙasa tana zubo musu a wuya. A bugu na biyar taɓarya ta tsaya, ta ji Nana tana nishi, ta tuna ɗanyen jiki ne, ta rasa wadda za ta ji wa tsoro. Ba ta ce ta ci gaba ba, ba ta kuma ce ta bari ba. Taɓarya ta dawo da kanta. A bugu na tara katakon ƙasa na ƙyauren ya fashe, ya bar kafar da akuya za ta iya bi. Malama ta waiwaya sau ɗaya. Marigayiyar ta karkace, kanta ya rabu biyu, shuɗin fenti yana ɓarewa, amma tana tsaye. Malama ta durƙusa ta rarrafa a kan fasasshen madubi, ta cusa kai, Nana ta kama labule ta ja su waje cikin taɓo.

Ba su kai tsakiyar gida ba suka ji maganarta ta ƙarshe, ƙiiiƙ, siririya, irin wadda take yi in an zo ɗaukar faranti. Daga nan sai rugugum.

Gambo magini, da maza suka dawo aka kira shi, ya tona ya duba. Ya ce da ƙashin bayanta yana nan, da ta kai kaka ko ba itacen. Babu su duka biyun kuwa, bai san abin da ya tsayar da ita ko minti ɗaya ba, sai dai Allah, sai kuma Ilu da ya iya haɗa kusurwa.

Marigayiyar ta bar ƙofar dama, da ɗan rauni a gefe. Ta bar durowa biyu, da takardar gida a jiƙe amma ana karantawa, da hular Malam. Ta bar kwanuka goma sha ɗaya, duk sun lotse. Tangaran ko ɗaya bai tsira ba, madubi kuma ya bi ta yana da kwana uku a gidan. Ta bar mai ita da yanka a gwiwoyi biyu. Ta bar Nana Hauwa, wadda ungozoma ta yi wa faɗa har ta gaji saboda shiga ruwan sama da jego, amma lafiyarta ƙalau. Ta kuma bar 'Yardada da ranta, ko ƙwarzane babu. Tana ɗakin surukarta, jiya da yamma ma su biyun suka ci tuwo a lotsattsen kwano ɗaya, kowa yana kallon gefe.

Da aka natsu, Malama ta je madafa ta tono itacen daga cikin na girki. Ta goge ƙurar gefen da ya fuskanci bango, sai ga rubutun Malam da jan biro: "Kada a cire sai an canja azara." A makon nan ta goge komai a ɗakin, har ƙasan gado, ban da wannan. Ba ta yi kuka a ƙarƙashin rufi ba, ba ta yi a cikin taɓo ba, a nan ta yi shi, a tsugune a bakin murhu. Ta kai wa 'Yardada ta karanta mata. Tsohuwa ta karɓa ta shafa wurin rubutun, tun daga lokacin bai bar cinyarta ba.

Ana karɓar ta'aziyya a tsakar gida. Masu zuwa ba sai sun tuna wa Malama maganar neman gira da rasa ido ba, mutum bakwai sun riga su. Limamin unguwa ya ce ba a yi wa katako salla, ba a kuma roƙa masa rahama, abin faɗa shi ne Allah ya mayar da alheri. Baƙin Gyaɗi-Gyaɗi za su tarar da tsibin ƙasa a inda aka so su tarar da madubi. Malama ta ce a shimfiɗa musu tabarma a gabansa, duk wadda ta tambaya kuma ita da bakinta za ta ba ta labari.

Za a yi wa marigayiyar wanka yau Asabar bayan la'asar. Malama da kanta za ta kankare shuɗin fentin da samfefar nan, a mayar da ita yadda take, sannan Gambo ya faskara. Ƙofar dama ba ta cikin wannan, an wanke mata man keke, za a sa ta a tagar sabon ɗaki in Allah ya nufa an gina. Gobe Lahadi da safe, bayan raɗin suna, za a kai sauran makwancinta, wato murhun tsakar gida, a ƙarƙashin babbar tukunyar ruwan jego. Za ta tafasa wa Nana Hauwa ruwa har inda ta ƙare.

Salihu ya aiko cewa da sunan mahaifin Nana ya yi wa jariri huɗuba. Tun da safe mata suke neman laƙabin da za a sakaya shi da shi, wannan ta ce Abba, waccan ta ce Baffa, a ƙarshe aka tambayi 'Yardada wanne ta zaɓa. Ta ɗora hannu a kan itacen da ke cinyarta, ta ce, "Na kusa shekara hamsin ina ɓoyon sunan nan, har ɗaki ya so ya cinye mu. Ku miƙo mini Ɗalha."

Za a taru da ƙarfe bakwai. 'Yardada ce za ta tura katakon farko a wuta, surukarta ce kuma za ta goyo ta zuwa bakin murhun.